Inji ya iya magana, to wa zai ɗauki alhaki?

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwar kan iyaka. In ka taɓa shiga Kumasi ta hanyar Accra, za ka wuce jami'ar da ake ce wa Tech, wadda ta fara aiki a 1952, sannan ka iso mahaɗar Anloga, unguwar da ta yi suna da kafintoci. Nan ana sarrafa katako, can ana koya wa yara sarrafa kwamfuta. To in abin da hannu ya ƙera ya buɗe baki ya ba ka amsa, me za ka kira shi?

Tambayar ta daɗe. A 1206, wani injiniya Musulmi mai suna Al-Jazari, a garin Diyarbakir da ke Turkiyya ta yau, ya kammala littafi kan na'urorin da ya ƙera. A cikinsu akwai mutum-mutumin da ke zuba wa sarki ruwan alwala. Inji ne ya zuba ruwan, amma niyya ta sarki ce, kuma shi ne mai alwala.

A 1935 aka buɗe gidan rediyon ZOY a Accra. Da akwatin rediyo ya yaɗu a zanguna, har aka fara jin karatun Alƙur'ani a cikinsa, sai aka tambayi malamai: ana iya bin limamin rediyo salla daga gida? Galibinsu suka ce a'a. Ka saurara ka ƙaru, amma jam'i sai da sahu da liman a gabanka.

Yanzu abin ya matso. A 2017 Saudiyya ta ba wani mutum-mutumi mai suna Sophia takardar zama ɗan ƙasa. A 2019 kamfanin Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra. A Masallacin Harami na Makka ma an sa mutum-mutumin da ke yi wa alhazai bayanin aikin Hajji da Umra cikin harsuna da dama, har da Hausa. Wayar da ke aljihunka kuma tana amsa tambayar addini kafin ka rufe baki.

To ina bambancin? Kai ka san shi tun a kasuwa. Baƙo ya sauka a zango da shanu ko goro, maigidansa ne ke tsaya masa. In mai saye ya gudu da kuɗi, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Haka in garke ya shiga gonar wani, ba saniya ake kai wa gaban sarki ba. Malamai sun koya mana cewa ɗan Adam aka ɗora wa amana, shi ke da niyya, shi za a yi wa hisabi. Inji ba ya rantsuwa, ba ya jin kunya, in ya yi kuskure ba ya tuba. Daga rubutun mutane yake haɗa amsa, kuma yakan faɗi abin da ba haka ba, ba tare da ko gezau ba.

Don haka ka yi amfani da shi, ya fassara maka Faransanci a kan iyaka, ya juya maka sidi zuwa sefa. Amma in shanunka sun kai 30 zakka ta hau kansu, ko gado ya taso, ko maganar saki, ka je wurin malamin da ka san gidansa, wanda in ya kuskure za ka iya komawa ka same shi. Allah Ya kai mu mako mai zuwa.