Zoɓo a Ƙasar Haɗeja

Zoɓo, ko zoɓorodo, jan abin sha ne mai tsami da ake haɗawa da busasshen ɓawon da ke rungume da ƙwallon 'ya'yan yakuwa. Masana tsirrai suna kiran shukar Hibiscus sabdariffa, kuma dangin rama ce da kuɓewa. Jihar Jigawa tana sahun gaba wajen nomanta a Najeriya.

A masarautar Haɗeja an fi noma yakuwa a kan tudu, a ƙasar jigawa mai rairayi irin ta Birniwa da Malam Madori da Kaugama, domin ba ta son ruwa ya kwanta mata. Fadamar kogin Haɗeja kuwa ta shinkafa ce da alkama da kayan lambu. Ana shuka yakuwa da damina, sau da yawa a tsakanin gero ko a gefen gona, a girbe ta da kaka. Mata da yara ne suka fi yin aikin ɓara. Da hannu suke raba jan ɓawon da ƙwallon, su shanya shi har ya bushe ƙayau.

Iri uku na ɓawon zoɓo aka fi sani. Akwai mai duhu, wanda jansa ya kusa komawa baƙi. Shi ne ya fi ba da launi, tsaminsa kuma bai cika kaifi ba. Akwai ja mai haske, wanda ruwansa ya fi garau, tsaminsa ya fi kama harshe. Na uku shi ne fari, wanda aka fi sawa a miya. Launin jan yana fitowa ne daga sinadarin antosayanin, wanda ake samu a fatar jan inabi, shi ya sa ruwan zoɓo mai kauri yake kama da ruwan inabi a ido, amma babu maye a cikinsa.

Wajen haɗawa, ana wanke zoɓon a fitar da yashi, a tafasa ko a jiƙa shi ya kwana, sannan a tace. Citta da kanumfari da masoro suna ƙara masa ƙamshi da yaji, wasu kuma suna dafa shi da ɓawon abarba. Sukari yana danne tsamin, 'yar kanwa kuma tana kashe shi, ta ƙara duhunta launin. Kasuwarsa ta fi ci da bazara da watan azumi.

Babu abin yarwa a jikin yakuwa. Ganyenta na miya ne da fate, 'ya'yanta kuma, wato gurguzu, da su ake yin daddawar batso.

Zoɓo ya daɗe da tsallaka iyaka. Ana shan sa a Senegal da Sudan da Masar, Meziko kuma tana cikin manyan masu sayen na Najeriya. A Italiya ya yi tashe bayan 1935, lokacin da aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi saboda mamaye Habasha, inda gwamnatin Mussolini ta riƙa kwaɗaitar da jama'a shan sa a madadin shayi. A Jigawa, kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana cikin manyan wuraren hada-hadarsa. Darajar buhu tana tafiya ne da tsabtar zoɓon da kyan bushewarsa, don haka manomin da ya shanya a kan tabarma ya fi wanda ya baza a ƙasa samun farashi.