Daga Peugeot 504 Zuwa Gurɓataccen Man 2022

A zamanin mahaifina a Agege, motar zuwa gida ita ce Peugeot 504, haɗin masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Kafireto gare ta. In 'yan bumburutu suka zuba maka mai da ruwa, bakanike ya wanke shi a bakin titi, ka kama hanyar Kano.

Motocin yanzu masu injekta ba su da wannan haƙurin. A Fabrairun 2022 da gurɓataccen mai ya shigo Legas, famfon man motata ya mutu, sai da na nemo wani a kasuwar Ladipo. Tun daga ranar gidan mai ɗaya na riƙe, ko da layi. Allah Ya kiyaye hanya.