Iyakar nauyi da daidaiton kaya a ƙananan jiragen sama

Kowane ƙaramin jirgin sama yana da iyakoki biyu a littafin matuƙinsa: yawan nauyin da zai iya tashi da shi, da kuma inda nauyin zai zauna.

Mu ɗauki Cessna 172S mai kujeru huɗu. Iyakarsa wajen tashi kilo 1,157 ce, har da jirgin kansa da mai da mutane da kaya. Litar mai tana da nauyin kusan giram 720, shi ya sa idan an cika tanki sau da yawa ba ya ɗaukar manya huɗu.

Idan nauyi ya rinjayi baya, hancin jirgi yakan ɗaga fiye da ƙima har fukafukai su kasa riƙe shi. Idan ya rinjayi gaba, ɗaga hancin yana wuya wajen tashi da sauka.

A watan Agustan 2001 wani Cessna 402 da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa ya faɗi a Bahamas jim kaɗan da tashi, mutum tara suka mutu. Don haka idan matuƙi ya tambaye mu nauyinmu ko na jakarmu, mu faɗi gaskiya.