Daular Saifawa ta Barno: Tasowarta, Faɗuwarta da Sawunta a Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Sarakunan Barno na dauri, waɗanda ake kira Saifawa, sun jingina asalinsu ga Saifu ɗan Zi Yazan, wani basarake na ƙasar Yaman. Malaman tarihi na Larabawa sun ruwaito cewa wannan Saifu ne ya je fadar Kisra Anushirwan, sarkin Farisa, neman gudummawa, aka haɗa shi da mayaƙa, suka kori Habashawa daga Yaman wajen shekara ta 570 Miladiyya. Masana na yanzu ba su ɗauki wannan nasaba a matsayin ta jini ba, sai ta neman daraja, irin wadda gidajen sarauta da dama suka ƙulla wa kansu bayan sun musulunta. Duk da haka ta buɗe ƙofar kwatance. Daular Sasaniyawa ta Farisa ta rushe a 651, amma Larabawan da suka ci ta da yaƙi sun gaji tsarin mulkinta, har da kalmar diwani, wato kundin lissafin hukuma. Da wannan kalma ta Farisanci ake kiran jerin sarakunan Barno wanda Heinrich Barth ya samu a Kukawa a 1851. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ita ma Barno ilminta da sarautunta sun fi takobinta tsawon rai, kuma babbar shaidar hakan tana cikin harshen Hausa.

2.0 Daga Njimi zuwa Gazargamu

A Kanem, gabas da Tafkin Cadi, daular ta fara. Ya'aƙubi ya ambace ta tun ƙarni na 9, kuma a ƙarshen ƙarni na 11 Mai Humme ya kafa gidan Saifawa a kan Musulunci, daga baya Njimi ta zama mazauninsu. Arzikinta ya dogara ne kan hanyar hamada da ta bi ta Kawar zuwa Fezzan da Tarabulus, inda ake kai bayi a komo da dawaki da tufafi da littattafai. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dibbalemi, ikonta ya kai Fezzan, aka gina wa mutanen Kanem makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, kuma Ibn Haldun ya ba da labarin raƙumin dawa da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis a 1257.

Rikicin gadon sarauta da yaƙin Bulala suka kori Saifawa daga Kanem a ƙarshen ƙarni na 14. Suka ƙetaro yamma da tafki, suka shafe kusan shekara 100 ba su da tsayayyen birni. Abin lura shi ne, ko a wannan hali na gudun hijira fadar ba ta rasa magatakarda ba. Wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sultan Barƙuƙ na Masar wajen 1391, yana ƙarar wasu Larabawa masu kama Musulmi suna sayarwa, tana nan cikin littafin Ƙalƙashandi. Sai wajen 1472 Mai Ali Gaji ya gina Birnin Gazargamu kusa da kogin Yobe, daular ta sake tsayawa da ƙafarta.

An fi sanin Mai Idris Alooma, wanda ya yi mulki a kashi na biyu na ƙarni na 16, saboda ya yi dace da marubuci. Limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta labarin shekarunsa 12 na farko, inda muke ganin 'yan bindiga da Turkawa suka horar, da masallatai na jan bulo, da mayar da shari'a hannun alƙalai, da daidaita mudun awo. Ya yi musayar wasiƙu da Sultan Murad na Uku na Santambul da Ahmad Mansur na Maroko. A ganina, duk da haka, mahram ya fi bindigogin nan tasiri a tarihin ƙasar. Mahram takarda ce da Mai yake ba wani gidan malamai yana yafe musu haraji da fita yaƙi. Ita ta mayar da Barno matattarar mahaddata.

3.0 Shaidar harshe

Tarihin Kano ya nuna cewa wani ɗan sarautar Barno mai suna Dagaci ya zo Kano zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438), kuma Abdullahi Burja ne ya fara aika gaisuwa Barno. Sarautun Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla da Maina duk daga can suka zo. Galadiman Barno kansa a Nguru yake zaune, yana tsaron iyakar da ta fuskanci ƙasar Hausa.

Greenberg (1960) ya kai maganar inda ta fi zurfi. Ya nuna cewa wasu kalmomin da ake zaton kai tsaye Hausa ta are su daga Larabci, ta bakin Barebari suka biyo. Kasuwa daga suƙ take, amma ka ɗin da ke farkonta ɗafi ne na Barbarci, kamar yadda yake a kasugu. Haka kuma tu ɗin da ke ƙarshen karatu da rubutu ya yi daidai da ɗafin da Barbarci ke gina sunan aiki da shi. Idan wannan ya tabbata, to bai kamata a riƙa jingina shigowar ilmi ƙasar Hausa ga Wangarawan Mali kaɗai ba. Gwani da tsangaya ma Barbarci ne, kuma har yau in aka ce almajiri ya tafi gabas, kowa ya san inda ake nufi.

Akwai wata shaida da ta daɗe ba a ba ta haƙƙinta ba. A ƙarshen shekarun 1950, A. D. H. Bivar, wanda (abin sha'awa) masanin tarihin Farisa ne, ya ci karo da wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya mai kwanan watan 1669, da sharhi tsakanin layuka cikin wani tsohon nau'in Kanembu. Binciken Dmitry Bondarev ya danganta wannan harshe da Tarjumo, wanda malaman Barno ke fassara da shi. Ashe fadar da ke rubuta wa sarakunan duniya da Larabci tana da nata harshen ilmi a gida.

4.0 Faɗuwa

Rauni ya fara bayyana a ƙarni na 18, lokacin da Azbinawa suka ƙwace cinikin gishirin Bilma, Mandara kuma ta karya rundunar Barno. Amma malamai ne suka yanke hukunci. A 1808 Gwani Muktar, mai riƙe da tutar jihadi, ya ci Gazargamu. Saifawa ba su sami mai ceto a cikin hakimansu ba, sai wani malami mazaunin Ngala, Muhammadu Al'amin Alkanemi, wato Shehu Laminu. Ya kare Barno da mashi, ya kuma kare ta da hujja a wasiƙun da suka yi musaya da Muhammadu Bello, inda ya ƙi yarda cewa saɓo yana mayar da Musulmi kafiri. Ya gina Kukawa a 1814, Mai ya koma sarkin suna kawai. A 1846 Mai Ibrahim ya gayyato Wadai don ƙwato ikonsa, Shehu Umar ya kashe shi, gidan da ya yi kusan shekara 800 ya ƙare. Shehunan sun riƙe da yawa daga tsofaffin sarautun, har Rabe ya ƙone Kukawa a 1893. Bayan an kashe shi a Kusiri a 1900, Ingila da Faransa da Jamus suka raba ƙasar.

A 1907 Shehu Garbai ya koma Yarwa, wato Maiduguri ta yau. Sunayen unguwanninta suna ɗauke da ɗafin ri na Barbarci mai nuna mazaunin wani: Shehuri, Hausari, da Moduganari, wato wurin Modu ƙarami. A kasuwannin waɗannan unguwanni kuwa, Babarbare da Shuwa da Babur da Margi yawanci da Hausa suke ciniki yanzu.