Zomon da ya sayi gonaki: Beatrix Potter da ƙananan littattafanta

A watan Satumba na 1893, wata mace 'yar shekara 27 ta rubuta wa wani yaro marar lafiya wasiƙa, ɗan tsohuwar malamarta. A ciki ta ƙago masa labarin wani zomo mai taurin kai da ya kutsa lambun wani manomi, ta kuma zana hotunansa a jikin takardar. Sunanta Beatrix Potter, zomon kuwa shi ne Peter Rabbit.

An haife ta a Landan a 1866, a gidan masu hali da suka gaji dukiyar masaƙun auduga. Ba a sa ta makaranta ba. A gida aka koyar da ita. Da farko kimiyya ce ta ja hankalinta. Ta shafe shekaru tana nazari da zanen laimar kwaɗi da danginta, har aka gabatar da maƙalarta a gaban ƙungiyar masana ta Linnean a 1897, ba tare da ita a zauren ba, domin a lokacin ba a shigar da mata.

Da ta mayar da wasiƙar nan littafi, kamfanonin ɗab'i suka yi ta ƙin karɓa. Sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a Disamban 1901. Shekara na zagayowa kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi da hotuna masu launi. Ta tsaya kai da fata a kan abu biyu: littafin ya zama ƙarami daidai hannun yaro, farashinsa kuma ya yi sauƙi. A kan sule ɗaya aka sayar da shi.

A ganina, abin da aka fi mantawa game da ita shi ne idonta na kasuwanci. Tun 1903 ta ɗinka 'yar tsanar zomon da hannunta, ta yi mata rajistar mallaka, a zamanin da marubuta ba su san hoton cikin littafi haja ba ne. Kamfaninta kuwa ya yi sakacin rajistar littafin a Amurka, 'yan satar fasaha suka yi ta bugawa suna cin riba. A 1917, lokacin da aka ɗaure ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin bisa laifin jabun takardu, sababbin littattafanta na cikin abin da ya hana shi durƙushewa.

A 1905 ta amince ta auri editanta, Norman Warne, duk da adawar iyayenta, waɗanda suka raina shi don ɗan kasuwa ne, sai ka ce ba auduga ce ta yi su ba. Wata ɗaya bayan baiko ya rasu. A shekarar ta sayi gonar Hill Top a yankin tafkuna na arewacin Ingila, da ribar littattafai da wani ɗan gado.

Bayan ta auri lauya William Heelis a 1913, rubutu ya ja baya, ganinta ma ya fara rauni. Ta koma kiwon tumakin Herdwick da sayen gonaki, don kada masu gine-gine su yayyanka su. Da ta rasu a Disamban 1943, ta bar wa National Trust, ƙungiyar kare wuraren tarihi, fili sama da eka 4,000, da sharaɗin a ci gaba da kiwon tumakin a tsaunukan.