Dattawa da Ƙananan Jiragen Ƙasa: Tarihin Wasan da Manya Suka Koma Wa



A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da za ta ba mutumin zango mamaki. Za ka ga dattijo mai furfura, ya yi ritaya, ya aurar da 'ya'ya, ya keɓe ɗaki guda a gidansa ya shimfiɗa layin dogo wanda faɗinsa bai wuce na babban yatsa ba, yana tuƙa ɗan jirgin ƙasa na kwaikwayo tsakanin duwatsun filasta da gidajen kwali. Da yawansu sun taɓa irin wannan jirgi suna yara, suka ajiye shi a akwati shekara talatin ko arba'in, sannan suka dawo gare shi. A wurinmu, babban da aka gani da kayan wasan yara sai a fara yi masa addu'a. To me ya mayar da su? Amsar tana cikin tarihin abin.

Asalin sana'ar daga Jamus ne. A shekarar 1859 wani maƙerin gwangwani mai suna Märklin ya buɗe ɗan kamfani a garin Göppingen, yana ƙera 'yan tukwane da kwanuka na wasan 'yan mata. Bayan rasuwarsa, a 1891, 'ya'yansa suka kai wani sabon abu kasuwar baje koli ta Leipzig: jirgin da ake murɗa wa makulli kamar agogon da, yana gudu a kan layin dogo mai gaɓa-gaɓa da ake haɗawa. Dabarar ita ce sun tsayar da ma'auni guda na faɗin layin. Wanda ya sayi kan jirgi bana, baɗi zai dawo ya sayi tarago, wata shekara ya sayi tasha da gada, kuma duk su dace da juna. Tun daga ranar farko ke nan an ƙera abin yadda ba zai ƙare a saye ɗaya ba.

A Amurka, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York a 1900. Jirginsa na farko mai aiki da lantarki ya yi shi ne don masu kantuna su ajiye a taga ya jawo hankalin masu wucewa, sai mutane suka riƙa neman sayen jirgin kansa. A Ingila kuwa, wani akawu a birnin Liverpool, Frank Hornby, wanda ya fara da ƙera wa 'ya'yansa 'yan ƙarafa masu huji da ake ɗaurewa da noti, ya fito da jiragensa a 1920. Har yau a can idan an ce Hornby, ƙaramin jirgi ake nufi.

Manya ba su daɗe ba suka sa hannu. A 1910 aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a Landan, kuma tana nan har yanzu. A Amurka mujallar Model Railroader ta fara fitowa a 1934, sannan a 1935 aka kafa ƙungiya ta ƙasa a birnin Milwaukee domin a daidaita ma'auni, ta yadda taragon wannan kamfani zai hau layin wancan. Abin da ya raba hanyar yara da ta manya shi ne wannan ma'auni. Yaro ya gamsu idan jirgi ya zaga ya dawo. Babba kuwa yana so kowane ƙusa ya zama daidai gwargwadon na gaskiya.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage komai sau 87, faɗin layin kuma milimita 16.5. Kan jirgi mai tsawon mita 20 sai ya koma santimita 23. Akwai ma'aunin N, ragi sau 160 a kan layi mai milimita 9, da ma'aunin Z da Märklin ya fito da shi a 1972, ragi sau 220. Ingilawa sun riƙe nasu daban, ragi sau 76. Mai karatu ya lura da wani lissafi a nan: kilomita ɗaya ta layin dogo, a ma'aunin HO, tana buƙatar mita 11 da rabi. Babu ɗakin da zai ɗauki tafiyar jirgi daga gari zuwa gari. Dole mai ginin ya zaɓi wuri guda, tasha ɗaya ko unguwa ɗaya, da zamani guda. Wannan tilas ita ce ta juya wasan ya zama wani abu dabam.

Shekarun 1950 su ne ganiyar kasuwar yara. A lokacin Lionel yana cikin manyan kamfanonin kayan wasa na duniya, kuma jirgin lantarki shi ne kyautar da uba yake saya wa ɗansa a ƙarshen shekara. Sai zamani ya juya. Talabijin ta shigo gidaje, hankalin yara ya koma kan motocin tsere da jiragen sama da kumbo. A 1964 kamfanin Hornby ya durƙushe, abokin gasarsa ya saye shi. A 1969 Lionel ya miƙa haƙƙin ƙera jiragensa ga General Mills, kamfanin da aka fi sani da abincin karin kumallo.

A daidai wannan lokaci manyan jiragen na gaskiya su ma suna mutuwa. A Ingila rahoton Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da kimanin mil 5,000 na layi, kuma an aiwatar da mafi yawansa. Ranar 11 ga Agusta 1968 jirgin fasinja mai tururi ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasar Birtaniya. Amurka ta riga ta sallami tururi tun wajen 1960, Jamus ta Yamma ta bi a 1977. Yaran da suka tashi da kukan jirgi da warin kwal suka girma suka tarar tashar garinsu ta zama kango ko wurin ajiye motoci. Da suka kai shekarun da aiki ya lafa, kuɗi ya ɗan zauna, ɗakin yara ya zama fanko, sai suka sauko da tsohon akwati. Hausawa suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Su dai waɗannan ba su tsaya ga tunawa ba, sun ɗauki awo da wuƙa da gam suka sake gina baran a kan katako.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna wannan hanya a fili shi ne Roye England, ɗan Ostareliya da ya zo Ingila a 1925. Ya ga ƙauyukan kudancin ƙasar ana yaye musu rufin ciyawa ana sa na zamani, ana rushe tsofaffin gidaje. Sai ya riƙa yawo yana auna gidajen, yana ɗaukar hotonsu, yana rubuta launin bango, sannan ya gina su da kwali ɗaya bayan ɗaya. A 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon a ƙauyen Long Wittenham. Ya rasu a 1995, masu sa kai suka ci gaba da aikin. Wasu gidajen da ya kwaikwaya an rushe su ko an sake musu kama tuntuni, yanzu a can kaɗai ake ganin yadda suke.

Masu suna ma sun faɗa ciki. Walt Disney ya shimfiɗa layin dogo a bayan gidansa a 1950. Mawaƙin Birtaniya Rod Stewart ya shafe shekara 23 yana gina wani birnin Amurka na shekarun 1940 a saman benen gidansa, har idan ya fita yawon waƙa yakan kama ƙarin ɗaki a otal domin ya ci gaba da fentin gine-ginensa. A 2001 wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe Miniatur Wunderland a Hamburg, wanda layinsa ya haura kilomita 15, kuma ya zama mafi girma a duniya.

Wanda ya dawo bayan shekara arba'in yakan tarar da abin ya canza. A da, ƙarfin wutar da ke cikin layin ake ƙarawa ko ragewa, saboda haka duk jiragen da ke kan layi ɗaya tare suke tashi, tare suke tsayawa. Daga shekarun 1980 aka fara sa wa kowane kan jirgi ɗan ƙwaƙwalwar lantarki mai lambarsa, ana aika masa umarni shi kaɗai ta cikin layin. Yanzu jirgi yana huci, yana busa, yana kunna fitila. Farashi ma ya bi, domin kamfanonin sun gane cewa mai sayen nasu yanzu dattijo ne mai fansho.

A nan matsalar take. Sana'ar da ta dogara ga masu tuna ƙuruciya tana tsufa tare da su. Märklin ya shiga halin karayar arziki a 2009, sai a 2013 aka samu mai saye. A farkon 2024 kantin Hattons, wanda aka kafa a Liverpool a 1946, ya rufe. Kuma ginin mutum ɗaya ba kasafai yake wuce mai shi ba. John Allen na Monterey a Kalifoniya, wanda ake ganin gwanin gwanaye ne, ya rasu a Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikin da ya yi shekaru yana yi. Mafi yawan abin da ya rage hotuna ne. Na Roye England ya tsira ne saboda ya mayar da shi na jama'a tun yana raye.

Mu ma jirgin ƙasa ya ratsa tarihinmu. Layin Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Accra a 1923, kuma a Nijeriya layi ya kai Kano a 1911. Goro da gyaɗa da fatake sun bi waɗannan hanyoyi, zanguna suka cika. Yau ciyawa ta rufe yawancin layukan Gana. Hannun ƙira kuwa ba baƙonmu ba ne, domin yaranmu sun daɗe suna ƙera mota da karan dawa da waya da gwangwanin madara. Abin da ba mu saba ba shi ne babba ya ɗauki wannan aiki da muhimmanci.

Ba ana cewa dattawan zango su sayi jirgin Märklin ba. Darasin yana ga aikin da Roye England ya yi kafin ya yanka kwali ko ɗaya: awo, hoto, da rubutu. Har yanzu akwai tsofaffi a cikinmu da za su iya zana a ƙasa inda tasha take, inda ake sauke huhun goro, inda gidan mai masauki yake, da ƙofar da fatake suke shiga. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai an samu mai alƙalami a kusa. Wanda yake da irin wannan tsoho a gida, ya zauna da shi da takarda kafin damina ta gaba.

Allah ya ba mu ikon kiyaye abin da muka gada.