Garantin mota: Matakan da mai saye zai bi idan dillali ya ƙi ɗaukar nauyin gyara

Garanti alƙawari ne a rubuce da kamfanin ƙera mota ko dillalinsa ke ɗauka cewa zai gyara ko ya sauya duk kayan da ya lalace saboda aibin da ya taho da shi daga masana'anta. Kamfanoni da dama kan ba sabuwar mota shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Abubuwan da ke cinyewa da aiki, irin su taya da birki da kuloci, galibi ba sa ciki.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke zaune a Yawuri, Wara ko Shanga, matsalar takan faro ne daga nisa. Manyan dillalai da garejinsu suna birane irin su Kaduna, Kano da Abuja, don haka da yawa kan kai motarsu wurin bakaniken gari idan lokacin juye ya yi. Ranar da inji ya buga, wannan ne abu na farko da dillali zai kafa hujja da shi.

Dalilan da aka fi ƙin gyara

Na farko shi ne tsallake lokacin sabis, ko yin sa a garejin da kamfani bai amince da shi ba. Na biyu, ruwa: motar da ta kutsa cikin ambaliya a hanyoyin bakin tafkin Kainji da damina, har inji ya sha ruwa, ana ɗaukar ta a matsayin wadda ta yi haɗari, lamarin da ya shafi inshora. Na uku, lodin da ya wuce ƙima, kamar yadda ake cika mota da buhunan albasa ko shinkafa ranar kasuwa. Na huɗu, gurɓataccen mai, irin fetur mai yawan sinadarin methanol da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022.

Abin da doka ta tanada

Ƙin amincewar dillali ba shi ne ƙarshen magana ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye kariyar da ba ta dogara ga takardar kamfani ba. Sashe na 132 ya ba shi damar mayar da kaya cikin wata 3 da karɓarsu idan ba su kai ingancin da ya dace ba, a gyara, a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Sashe na 145 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa idan aka yi zargin kaya na da aibi. Wato bai isa dillali ya ce “laifin direba ne” ba, sai ya nuna yadda laifin ya haddasa lalacewar.

Motar Kwatano kuwa ba kasafai take zuwa da garantin kamfani ba. Duk alƙawarin da mai sayar da ita ya yi, a sa shi ya rubuta a jikin rasit, domin na fatar baki yana da wuyar tabbatarwa.

Matakan bin haƙƙi

Da zarar matsala ta bayyana, a ajiye motar, kada a bari kowa ya kwance injin kafin wakilin dillali ya duba. A ɗauki hoton kilomitar da mota ta ci da ta fitilar gargaɗin da ta kama.

A nemi dillali ya rubuta dalilin ƙin gyaran, tare da sharaɗin da ya dogara da shi. Sannan a auna: idan gilashin ƙofa ne ya daina aiki, juyen da aka yi a Yelwa ba shi da alaƙa da shi.

A tattara rasit, littafin sabis, lambar shasi da saƙonnin da aka yi musaya, a rubuta wa manajan dillalin, a kuma aika kwafi ga babban wakilin kamfanin a Najeriya, tare da sanya wa'adin amsa.

Idan aka yi shiru, sai a kai ƙorafi ga FCCPC ta intanet, ko a ofisoshinta na shiyya da ke Katsina da Minna. Sashe na 146 ya kuma bar wa mai saye ƙofar kotu a buɗe.

Ga wanda ke shirin saye, tambayar da ta kamata ya fara yi wa dillali ita ce: ina garejinku mafi kusa da Yawuri, kuma ko kun amince a yi juye a gida idan an ajiye rasit? Amsar ma, a karɓe ta a rubuce.